Gumi Iri Ɗaya, Manufa Daban: Tsakanin Motsa Jiki da Atisaye

A ƙarshen watan Yulin 2012, a tafkin Eton Dorney da ke wajen birnin Landan, tafin da 'yan kallo suka yi wa wanda ya zo na ƙarshe ya kusa fin wanda suka yi wa na ɗaya. Hamadou Djibo Issaka ne, ɗan Jamhuriyar Nijar mai shekara 35, a tseren kwale-kwalen mutum ɗaya na mita 2,000 a gasar Olamfik. Abokan karawarsa sun isa har sun fara mayar da numfashi, shi kuwa yana can baya yana fama da ruwa, kansa sai rangaji yake. Ya ci fiye da minti takwas kafin ya ƙarasa. Mahé Drysdale na New Zealand, wanda ya ɗauki zinare a ƙarshen gasar, bai cika minti bakwai ba.

Hamadou ba rago ba ne. Mai aikin lambu ne, gwanin iyo, jikinsa a murɗe. Da za a jera shi da ma'aikatan ofis ɗari a ce su gwada ƙarfi, da wuya a samu biyar da za su ja da shi. Abin da ya raba shi da sauran shi ne wata uku kacal ya yi yana koyon tuƙin, su kuwa sun shafe shekara goma ko fiye suna gina jikinsu domin waɗannan mintuna bakwai.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tazarar da ke tsakanin mai motsa jiki da ɗan wasa a yawan wahala take: wannan yana ɗan taɓawa, wancan yana kashe kansa. Idon da ya tsaya a kan gumi zai iya ganin haka. Amma in mutum ya je filin wasa na Sani Abacha a Kano ko na Seyni Kountché a Yamai da sassafe, zai iya tarar da alhaji mai teɓa ya jiƙe sharkaf yana haki, a gefensa kuma ɗan tsere na gaske yana sassarfa a hankali kamar mai jiran wani. A wannan safiyar alhajin ya fi shan wuya. Ɗan tseren ne ke atisaye, domin sassarfar tasa tana da gurbi a cikin wani tsari da ya faro makonni baya, kuma zai ƙare a wata rana da aka riga aka sa.

Shi motsa jiki ladansa a hannu yake. Wanda ya yi tafiya mai sauri ta rabin awa, hawan jininsa kan ɗan sauka na wasu awoyi bayan nan. Tsokarsa kan ƙara jawo suga daga cikin jini na kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa likitocin ciwon suga suke ba da shawarar kada a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba. Barci yakan yi daɗi, ƙunci ya ragu. Ba a buƙatar gobe ta fi yau. In mutum ya yi shekara ashirin yana zagaya unguwa ɗaya a cikin minti arba'in, bai ƙara sauri ko na daƙiƙa guda ba, ya ci ribarsa cif.

Ba a daɗe da tabbatar da wannan a kimiyyance ba. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jerry Morris, ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan, kimanin mutum 31,000. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, awoyin aikinsu ɗaya, daga unguwanni iri ɗaya suka fito. Sai dai direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi yi musu kisan farat ɗaya. Babu kwandastan da ya taɓa tunanin yana shirin wata gasa. Tikiti kawai yake yanka. Shi kansa Morris ya riƙe iyo da tafiyar ƙafa har tsufa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Abin da binciken baya ya ƙara nunawa ya fi daɗin ji ga malalaci. Mafi yawan ribar lafiya a matakin farko take, wato daga zama zuwa ɗan motsi. Wani bincike da aka yi a Taiwan a kan mutum fiye da 400,000, wanda aka buga a 2011, ya gano cewa minti 15 na motsa jiki a kullum yana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 14 cikin ɗari da ƙarin kimanin shekara uku a rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko rabin haka in mai ƙarfi ne, da kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Duk da sauƙin wannan ma'auni, ƙididdigar hukumar ta 2022 ta nuna kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba sa cika shi. Ko taku 10,000 da wayoyin hannu suke ta tunatar da mutane, ba daga asibiti ya fito ba. Daga tallan wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a 1965. Da aka auna a kan tsofaffin mata a Amurka a 2019, an ga amfani ya fara bayyana tun daga taku 4,400, ya daina hauhawa a wajen 7,500.

A nan wani zai ce, to ai ɗan garuwa da lebura da manomi sun gama da wannan babi. Da ma haka ne da an ji daɗi. Wani bincike a birnin Kofanhegan na Denmark a kan mutum fiye da 100,000 ya nuna cewa aikin ƙarfi na neman abinci ba ya ba zuciya kariyar da motsa jiki na ganin dama yake ba ta. Dalilin da masana suke kawowa mai sauƙin fahimta ne: mai tura kurar ruwa awa takwas yake yi zuciyarsa na bugawa sama-sama, yana ɗaga nauyi a sunkuye, cikin rana, ba hutu, gobe ma haka. Jiki bai samu sararin gyara kansa ba.

Atisaye kuwa adashi ne: zubi ake yi wata da watanni, ɗauka rana ɗaya. Babu labarin da ya fi bayyana wannan kamar na Roger Bannister.

Bannister ɗalibin likitanci ne a asibitin St Mary's na Landan. Ya je Olamfik ta 1952 a Helsinki ana sa masa rai, ya ƙare na huɗu a tseren mita 1,500, ya dawo ba lamba. Sai ya sa wa kansa buri guda: ya zama mutum na farko da zai gudu mil ɗaya, wato mita 1,609, a ƙasa da minti huɗu. Tun 1945 bajintar tana hannun Gunder Hägg na Sweden a minti 4 da daƙiƙa 1.4, ta ƙi motsi. Bannister ba shi da lokaci. Hutun cin abincin rana yake sata, ya ruga wani fili a unguwar Paddington, ya yi abin da bai cika awa ɗaya ba, ya koma ɗakin marasa lafiya. In da yawan awoyi ake aunawa, masu zuwa gidan motsa jiki da yawa a yau sun fi shi.

Amma dubi yadda ya kashe wannan ɗan lokaci. Mil ɗaya zagaye huɗu ne na fili. Minti huɗu ke nan daƙiƙa 60 ga kowane zagaye. Sai ya riƙa yin zagaye goma, yana hutun minti biyu a tsakani, ana riƙe masa agogo. A ƙarshen 1953 kowane zagaye yana cinye masa wajen daƙiƙa 66. Mako bayan mako, da shawarar mai horarwa Franz Stampfl, ana ta zaftare daƙiƙa ɗaya ɗaya, har aka iso 60 a watan Afrilu. Da lokaci ya matso sai ya ajiye takalmi ya huta na kwanaki. Ranar 6 ga Mayu 1954, a Oxford, abokansa biyu Chris Brasher da Chris Chataway suka ja shi a gaba, ya ƙare a minti 3 da daƙiƙa 59.4. Kwana 46 kawai bajintar ta yi a hannunsa kafin John Landy na Ostireliya ya karɓe. Kafin shekarar ta ƙare Bannister ya bar tsere ya koma likitancin ƙwaƙwalwa.

Duk sinadaran atisaye suna cikin wannan labari: lamba da ake nema, rana da aka sa, agogo, mai sa ido daga waje, da ƙari kaɗan-kaɗan. Wannan ƙarin shi ne abu na farko, kuma ƙashin bayan al'amarin. Jiki ba ya canzawa sai an ɗora masa abin da ya ɗan fi wanda ya saba. In an ɗora, sai ya gaji, ya gyara kansa, ya ƙara ɗan ƙarfi don kada a sake samunsa a haka. In an tsaya a nauyi ɗaya, shi ma sai ya tsaya. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya mayar da wannan tsari a rubuce a 1945, lokacin da yake farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu: a nemo nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau goma, a yi aiki da shi, a ƙara in ya yi sauƙi. Saurayin da ke ɗaga ƙarfen da aka haɗa da gwangwanin siminti a bayan gida, shekara uku nauyi bai canza ba, yana mamakin ƙirjinsa ya daina buɗewa, ga amsarsa nan.

Abu na biyu shi ne jiki abin da aka koya masa kaɗai yake iyawa. Usain Bolt ya gudu mita 100 a daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. A 2018, bayan ya yi ritaya, ya tafi gwaji a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Central Coast Mariners a Ostireliya. Ya ci ƙwallo biyu a wasan sada zumunci, aka yi ta shewa, amma ya bar ƙungiyar ba kwantiragi. Ƙwallo tana son mai tsayawa da juyawa da sake tashi har minti casa'in, shi kuwa an gina shi ne don daƙiƙa goma a miƙe. Wakilinsa ya taɓa cewa Bolt bai taɓa gudun mil ɗaya cikakke ba a rayuwarsa. Mai motsa jiki ba ruwansa da wannan ƙa'ida. Yau ya hau keke, gobe ya buga ƙwallo, jibi ya yi shara da wanki, duk zuciya ta karɓa.

Abu na uku ya fi ba mutane mamaki: manyan 'yan wasa sun fi kowa iya tafiya a hankali. Eliud Kipchoge, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42.195 a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a watan Oktoban 2019, a wani shiri na musamman da ba a lissafa cikin bajintar hukuma ba, a sansanin Kaptagat yake zaune, a tsaunukan Kenya, kusan mita 2,400 sama da teku. Shi da abokansa sukan haura kilomita 200 a mako a ƙarƙashin mai horarwa Patrick Sang. A cikin wannan duka, zama biyu ko uku ne masu zafi. Sauran gudu ne na taɗi, wanda farkonsa ko matsakaicin mai sassarfa zai iya bi. Tsakanin gudun safe da na yamma kuwa barci ne da shayi da sharar sansani. Kuma kowane gudu sai ya shiga littafi. Kipchoge yana da tarin littattafan da ya rubuta atisayensa a ciki shekara da shekaru. Wani masanin wasanni da ke aiki a Norway, Stephen Seiler, ya bi diddigin zakarun gudu da tuƙi da keke, ya ga kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu mai sauƙi ne.

Mai koyo akasin haka yake yi. Kullum yana tsakiya: ya yi zafin da zai gajiyar da shi, bai kai zafin da zai ƙara masa komai ba.

Haka kuma ɗan wasa ba ya zama a ƙololuwa shekara cur. Masanin Tarayyar Sobiyat Leo Matveyev ya tsara wannan a shekarun 1960: lokacin aza harsashi, lokacin wasa kaifi, lokacin gasa, lokacin sakin jiki. Ƙasar Hausa ta san wani abu mai kama da haka tun kafin a rubuta shi, domin dambe da kokawa wasannin kaka ne. Damina ta gina jiki a gona, hatsi ya shigo, a ci a ƙoshi, a shiga fage, sannan a watse. Gasar kokawa ta neman takobi ta Nijar, wadda aka faro a Tawa a 1975, har yau sau ɗaya ake yin ta a shekara, kowace jiha cikin takwas ta kawo 'yan kokawa goma, kuma akan killace su a yi shiri kafin a tafi. Dambe ne ya sauya. Da ya koma gidajen dambe na birane, ana yi rani da damina, ɗan dambe na iya shiga fage sau da yawa a mako domin a nan abincinsa yake. Wasan ya cinye lokacin shiri da na jinya duka, kuma wannan ba ci gaba ba ne, ko da kuɗin ƙofa ya ƙaru.

Ga inda ya kamata a faɗi gaskiya: atisaye ba don lafiya ake yinsa ba. Yakan kawo ta a hanya, amma in ta tsaya tsakaninsa da nasara, ture ta yake. Ɗan wasa yana rayuwa ne a bakin gaɓar rauni, domin a nan ƙarin ƙarfin yake. Tsagewar tsoka, ciwon gwiwa, tsattsagewar ƙashi, duk cikin lissafi suke. Mary Cain, wadda ta yi fice a tsere a Amurka tun tana 'yar sakandare, ta bayyana a 2019 cewa matsin lambar rage nauyi da ta sha a ƙungiyar Nike Oregon Project ya sa al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Mai horar da ita, Alberto Salazar, ya musanta yawancin zargin. Kwamitin Olamfik na duniya ya riga ya ba wannan ciwo na ƙarancin abinci a kan yawan atisaye suna tun 2014, kuma ya ce maza ma yana kama su.

Akwai kuma zuciya. Motsi mai tsanani yakan tono ciwon da ke ɓoye. 'Yan Najeriya ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana karawa da Angola. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon a 2003, bincike ya nuna tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da ƙima. Shi ya sa manyan ƙungiyoyi ba sa sa hannu da ɗan wasa sai an duba zuciyarsa. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa ba su da wannan gata. Abin da wasu matasa suke da shi a madadinsa shi ne tiramol, don a danne ciwo a ci gaba, alhali ciwon shi ne ƙararrawar da jiki ke kaɗawa. Hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta haramta shi a lokacin gasa daga Janairun 2024.

Yawancin ɓarnar da ake gani daga cakuɗa biyun take zuwa. Ga magidanci ɗan shekara hamsin, likita ya ce masa ya rage tumbi. Ya kalli bidiyon 'yan wasa a waya, ya sayi takalmi, ranar farko ya zagaya fili sau goma, wataƙila ma da leda a ƙarƙashin riga don gumi ya ƙaru, wanda ruwa kawai yake zubarwa ba kitse ba. Kwana uku gwiwa ta kumbura, takalmi ya shige ƙarƙashin gado. Ya ari wahalar ɗan wasa bai ari haƙurinsa ba. Abin da yake buƙata tafiya ce bayan sallar asuba ko bayan la'asar, da saurin da zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, yau da gobe.

Ga kuma saurayin da ke buga ƙwallo kullum da yamma a filin makarantar firamare, yana mafarkin Turai. Shekara biyar yana yi, yana kiran abin tirenin. Amma ba wanda ya taɓa auna gudunsa, ƙafar hagunsa tana nan yadda take tun yana ɗan sha biyu, ba ranar hutu, ba ranar ƙarfafa cinya, abinci kuwa abin da aka samu. Lafiya yake ginawa, kuma ba abin rainawa ba ce, sai dai ba ita yake nema ba. Masu shirin shiga soja sun fi shi gane lamarin: da zarar an sa ranar tantancewa sai ka ga sun fara tashi da duku-duku, suna auna nisa, suna duba agogo.

Laifin ba na saurayin ba ne kacokan. Atisaye yana cin kuɗi da ilimi da mutane. Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya kawo wa Nijar azurfa a taikwando a Rio a 2016, lambar Olamfik ta farko tun tagullar Issaka Daboré a damben zamani a 1972, sai da ya koma Jamus ya samu horon da ya kai shi can, kuma a 2017 ya zama zakaran duniya. Tobi Amusan, wadda ta kafa bajintar duniya ta daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, a jami'ar Texas da ke El Paso a Amurka aka goge ta. Gudun fanfalaki na Legas tun da aka fara shi a 2016 'yan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtukansa, duk da cewa tsaunukan Filato, musamman wajen Pankshin, suna fitar da masu dogon numfashi. Baiwa tana nan. Sansani da mai horarwa da albashin da zai bar mutum ya yi barcin rana ne suka yi ƙaranci.

Doka ɗaya ce ta haɗa ɓangarorin biyu, ita ce abin da aka daina yana zubewa, kuma da sauri. A 1966 masu bincike a birnin Dallas suka kwantar da samari biyar 'yan shekara ashirin a gado har mako uku, ba tashi. Da suka miƙe, ƙarfin zuciyarsu da huhunsu na sarrafa iska ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Aka sa su atisaye mai tsanani na mako takwas, suka dawo har suka wuce inda suke da farko. Bayan shekara 30 aka sake tara mutum biyar ɗin, yanzu sun kai hamsin, sun yi ƙiba. Awo ya nuna shekaru talatin ɗin ba su rage musu ƙarfi kamar yadda mako ukun gado ya yi ba. Sai aka sa su tafiya da sassarfa da keke, ana ƙara musu a hankali, har wata shida. Ƙarfin nasu ya koma daidai da na lokacin da suke 'yan ashirin kafin a kwantar da su. Matsayin da atisayen mako takwas ya taɓa kai su a ƙuruciya kuwa, ba su sake taka shi ba.